Wa ya ce ta yi kwantai? Yadda fim, rediyo da waya ke sauya kallon da muke yi wa marasa aure

  

Kwanakin baya, da aka tashi daga karatun bayan magariba a nan Garwa, wani dattijo ya dakata har jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce, "Malam, ina da magana." Maganar 'yarsa ce. Shekarunta 29, ta yi karatun jinya, tana aiki, ita ke sayen maganin mahaifiyarta, ita ke biya wa ƙannenta biyu kuɗin makaranta. Manema sun zo a baya, Allah bai nufa ba. Yanzu wani ya fito, amma shi uban bai gamsu da sallarsa ba, kuma an san shi da auri-saki. Sai dai uwa da gwaggwanni sun matsa. A rukunin WhatsApp na dangi, duk wani bidiyon ba'a da aka yi wa 'yan matan da suka daɗe a gida sai an turo shi, kowa kuma ya san da wa ake. Ya ce, "Malam, in ba da ita in huta da bakin mutane, ko in jira?"

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a duk bayanin da ya yi bai ambaci laifi ko ɗaya da yarinyar ta aikata ba. Abin da ke neman tura ta gidan da ubanta bai yarda da shi ba, magana ce kawai, kuma mafi yawanta daga waya ta fito. Wannan ya sa na ga ya kamata mu zauna mu duba: daga ina muke samo kallon da muke yi wa wanda bai yi aure ba, kuma wane ma'auni shari'a ta ba mu?

Kalmomin da muka gada

Tun kafin zuwan rediyo, Bahaushe yana da sunayen da yake kiran mara aure. Akwai gwauro, akwai tuzuru wanda ya wuce lokaci bai taɓa aure ba, akwai bazawara wadda aurenta ya mutu ko mijinta ya rasu. A Kano, cikin wasannin tashe na watan azumi, akwai kamun gwauro, wanda Nalako, sarkin gwagware, ke jagoranta: a zagaya unguwa da kiɗa, a fito da gwauro, a yi masa raha. Amma kalmar da ta fi zafi ita ce wadda ake jifar budurwa da ita, a ce ta yi kwantai. Kwantai kalmar kasuwa ce, sunan hajar da aka kasa aka tashi ba a sayar ba. Duk wanda ya faɗe ta a kan 'yar mutane, ya mayar da ita tumatir a faifai ke nan, ko ya sani ko bai sani ba.

'Yan uwanmu Fulani ma suna da irin wannan. Kalmar ajabaajo, wadda tushenta ke komawa ga kalmar Larabci mai nufin mara aure, a bakin mutane da yawa a Garwa da Marwa da Ngaundere ta koma tana ɗauke da zargin rashin kamun kai. Kalma ta fara da bayyana hali na zama, ta ƙare da tuhuma.

Saboda haka kafafen yaɗa labarai ba su ne suka ƙirƙiro wannan kallo ba. Abin da suka yi shi ne sun ɗauke shi daga zaure da tsakar gida, inda akwai babba mai tsawatarwa, suka kai shi inda babu mai cewa ya isa. Kamun gwauro sau ɗaya ake yi a shekara, tsakanin mutanen da suka san juna. Ba'ar waya kuwa ba ta da wata ba ta da rana.

Darasi daga ƙasar Sin

Wani lokaci mutum ya fi gane ciwonsa idan ya gan shi a jikin wani. Ƙasar Sin misali ce da masu bincike suka yi rubutu mai yawa a kanta, domin a can an ga yadda aka gina irin wannan kallo mataki mataki.

A shekarar 2007, ma'aikatar ilimi ta ƙasar ta saka wata kalma cikin jerin sababbin kalmomin da suka shigo harshen Sinanci. Kalmar ita ce "sheng nu", ma'anarta matan da suka yi saura, wato kwantai ɗinmu sak. Ana nufin macen birni mai ilimi da aiki wadda ta haura shekara 27 ba ta yi aure ba. Daga nan jaridu da gidajen talabijin suka ɗauka, har shafin intanet na babbar ƙungiyar mata ta ƙasar ya riƙa fitar da rubuce-rubuce masu ɗora wa waɗannan mata laifin ruwan ido da fifita karatu. Wata mai bincike, Leta Hong Fincher, ta fitar da littafi a kan wannan a shekarar 2014, inda ta nuna cewa kamfe ne na matsa wa mata masu ilimi su yi aure da wuri, kuma tsoron wannan suna ya sa mata da yawa sun faɗa auren da suka yi asarar haƙƙoƙinsu a cikinsa.

Ga abin mamakin. A ƙasar Sin maza ne suka yi saura, ba mata ba. Dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki daga wajajen 1980 zuwa ƙarshen 2015, ta haɗu da al'adar fifita ɗa namiji, sai aka riƙa zubar da cikin 'ya'ya mata. Ƙidayar 2020 ta nuna maza sun fi mata yawa da kusan miliyan 35. Mafi yawan waɗanda suka rasa abokan zama talakawan ƙauye ne, waɗanda ake kira busassun rassa, wato reshen da ba zai yi 'ya'ya ba. Amma kyamara ba ta cika zuwa ƙauye ba. Ta fi son matar birni mai mota, domin labarinta ya fi jan masu kallo.

Sai kuma kasuwa ta shigo. A shekarar 2010 wani gidan talabijin na lardin Jiangsu ya fara shirin haɗa masoya, inda namiji ɗaya ke tsayawa gaban mata 24. A nan ne wata budurwa ta ce gara ta yi kuka a cikin mota BMW da ta yi dariya a bayan keke. Maganar ta zagaye ƙasar, har hukuma ta tsawata wa shirin, amma ta riga ta zauna a zukatan samari cewa mara gida da mota ba shi da rabo. Haka nan ranar 11 ga Nuwamba, wadda ɗaliban jami'a a birnin Nanjing suka fara riƙo a matsayin ranar gwagware a shekarun 1990, kamfanin Alibaba ya mayar da ita ranar cin kasuwa tun daga 2009, har ta zama ɗaya daga cikin ranakun ciniki mafi girma a duniya. Da safe a gaya wa mara aure shi abin tausayi ne, da yamma a gaya masa shi ɗan gata ne, ya sayi abin da ransa ke so. Ta kowace fuska akwai mai cin riba.

To, duk wannan matsi ya ƙara yawan aure? Bai ƙara ba. A 2013 an yi rajistar aure sama da miliyan 13 a ƙasar. A 2024 abin ya sauko zuwa miliyan 6 da 'yan kai. Gori bai aurar da kowa ba, domin abin da ya hana auren, wato tsadar gida da kuɗin aure da wahalar aiki, yana nan inda yake.

Hotuna uku da ake nuna mana

Mu dawo gida. Mutumin Garwa a yau yana sauraron CRTV da BBC da RFI da DW. A ɗakinsa akwai dikoda mai kawo Arewa24, wadda ta fara watsa shirye-shirye a 2014, da finafinan Kano, da na Indiya da aka fassara da Hausa, da wasannin ƙasashen Latin Amurka da ake juyawa da Faransanci. A aljihun ɗansa kuma akwai Facebook da TikTok. Idan ka tattara abin da waɗannan ke nunawa game da aure da rashinsa, za ka ga hoto uku ne ke ta maimaituwa.

Na farko, mara aure abin dariya ne ko abin tsoro. Gwauro a wasan barkwanci shi ne mai ƙona tuwo, mai leƙen gidan maƙwabta. Bazawara ita ce mai ƙwace miji, mai bin malaman tsibbu. Budurwar da ta yi karatu mai zurfi ita ce mai girman kai da za ta yi nadama a ƙarshen fim. Ba kasafai za ka ga bazawarar da ke sayar da ƙosai tana ciyar da marayu huɗu ba, alhali ita ce ta fi yawa a Yelwa da Rumde Ajiya.

Na biyu, aure shi ne biki. Akwatunan lefe a jere, anko kala uku, kamu, walima a babban ɗakin taro, mai hoto na bin amarya. Yarinyar da ta kalli wannan sau ɗari a wayarta, idan saurayi ya zo da abin da ya sawwaƙa sai ta ji an raina ta. Ita ma uwar tana tunanin abin da za a ce idan aka zo ganin ɗaki. Ba a nuna bashin da aka ci, ba a nuna gonar da aka sayar.

Na uku ya saɓa wa na farko, amma tare suke tafiya. Shi ne hoton da ke cewa aure kurkuku ne, namiji ba ɗan goyo ba ne, mace kuma ba ta da buri sai aljihunka. Shafukan da ke wallafa matsalolin ma'aurata suna tara mabiya da yawa, kuma wasu na yin amfani, domin cutarwa a gidajen aure gaskiya ce. 'Yar Marwa, Djaïli Amadou Amal, ta yi suna a duniya da littafinta kan auren dole da yadda ake rufe bakin mace da kalmar munyal, wato haƙuri, har ya ci babbar kyauta a Faransa a 2020. Bai kamata mu musa abin da muke gani da idonmu ba. Amma wanda kullum labarin gidan da ya rushe yake karantawa, zai ɗauka babu gidan da ke tsaye.

Ya kamata ɗalibai su fahimci yadda abin yake aiki. Mai shirya fim yana neman abin da zai riƙe mai kallo, kuma zaman lafiya ba ya riƙe mai kallo. Manhajar waya kuwa an gina ta ne ta lura da abin da ka tsaya a kansa, ta ƙaro maka irinsa. Ka tsaya a bidiyon zagin zawarawa sau uku, gobe za a kawo maka goma. Ba ƙarya ake yi maka kai tsaye ba. Zaɓo maka ake yi, a maimaita, har abin da yake ɗaya cikin ɗari ya zame maka kamar shi ne duka.

Shin mata sun fi maza yawa?

A nan dole mu malamai mu karɓi namu kason. Sau nawa aka hau mumbari aka ce mata sun ninka maza sau uku ko sau huɗu, aka yanki wajen aka watsa a waya? Ƙidayar Kamaru ta 2005 ta nuna mata sun ɗara maza da ɗan kaɗan ne, ba su kai kashi 51 cikin 100 ba. A ƙidayar Najeriya ta 2006 maza ne ma suka fi yawa. Hadisin da ya yi maganar yawaitar mata yana bayanin alamomin tashin kiyama ne, bai halatta mu mayar da shi ƙidayar unguwarmu ba.

Abin da ke sa a ga kamar mata sun yi yawa a fili yake. Namiji a wajenmu yana jinkirta aure har ya samu abin hannu, sannan ya auri wadda ya girma da shekaru masu yawa. Tunda jama'a ƙaruwa take yi, 'yan shekara 18 sun fi 'yan shekara 30 yawa a kowane gari. Ga yawan saki, ga mazan da ke rasuwa su bar matan da suka girma nesa ba kusa ba. Sannan ga talauci. Saurayin da ya gama jami'a a Ngaundere ko Marwa ya dawo yana haya da babur, ko wanda ke sayar da man zuwa-zuwa a bakin titi, wanda cinikinsa ya girgiza tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023, ba ƙin aure yake yi ba. Kuɗin ɗaki da na lefe ne suka gagare shi. Kamar a ƙasar Sin, ana nuna yatsa ga mace, alhali rabin matsalar tana wajen saurayin da babu mai ɗaukar hotonsa.

Kafafen labarai suna iya yin alheri idan suka juya ga ainihin matsalar. A Kano, ƙorafin ƙungiyar zawarawa da aka riƙa ji a rediyo yana cikin abin da ya share fagen auren gata da hukumar Hisba ta fara a 2012, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin sadaki da kayan ɗaki bayan gwajin lafiya. A Oktoban 2023 an ɗaura wa ma'aurata 1,800. Wannan abin yabo ne. Sai dai ranar ɗaurin aure ake kawo kyamara. Aikin jarida na gaskiya shi ne a koma bayan shekara biyu a ga yadda zaman yake.

Ma'aunin shari'a

Kada wani ya fahimci cewa muna rage darajar aure. Aure sunnar annabawa ne. A cikin Suratun Nur, aya ta 32, Allah Ya umarci al'umma da ta aurar da marasa aure daga cikinta, Ya kuma yi alkawarin wadata su idan matalauta ne. Ku lura, umarnin yana kan al'umma ne: waliyyai da masu hali da shugabanni. Aya ta 33 kuma ta umarci wanda bai samu hali ba da ya kame kansa har Allah Ya buɗa masa. A hadisin Ibnu Mas'ud da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da matasa masu iko su yi aure, wanda bai da iko kuma ya nuna masa azumi. Babu inda aka ce a yi masa dariya.

Malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa hukuncin aure yana sauyawa gwargwadon halin mutum. Yana zama wajibi ga mai iko da ke tsoron faɗawa zina, mustahabbi ga mai buƙata da ba ya jin wannan tsoro, yana kuma iya zama halal kawai, ko makaruhi, ko ma haramun ga wanda zai cutar da matar alhali ba ya tsoron faɗawa haram. Wanda ya san wannan ba zai yi wa marasa aure kuɗin goro ba.

Tarihi ma shaida ne. Imam Ɗabari, mai tafsiri, wanda ya rasu a shekara ta 310 bayan hijira, bai yi aure ba. Haka Imam Nawawi, wanda muke karanta Arba'una da Riyadus Salihin nasa, da Shaihul Islam Ibnu Taimiyya. Karima bint Ahmad Al-Marwaziyya, wadda manyan malamai suka yi tattaki zuwa Makka don karɓar Sahihul Bukhari daga gare ta, ta rasu da tsufa ba ta taɓa aure ba. Shaihu Abdulfattah Abu Gudda ya tara tarihin irin waɗannan malamai a littafi guda. Ba mu kawo su don a yi koyi da su a barin aure ba, sunnar Annabi (SAW) ita ce abin bi. Mun kawo su ne don a san cewa rashin aure bai taɓa zama hujjar zubar da mutuncin Musulmi ba.

Game da zawarawa kuwa, duk matan Annabi (SAW) sun taɓa aure kafin shi, in ban da Nana A'isha. Sayyidina Umar da kansa ya yi wa 'yarsa Hafsa tayin miji bayan rasuwar mijinta, bai ga abin kunya a ciki ba. Ummu Hani ta ba Annabi (SAW) uzuri da shekarunta da 'ya'yanta lokacin da ya neme ta, bai zarge ta ba. Khansa'u bint Khizam ta kai ƙara cewa mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, Annabi (SAW) ya warware auren. A ɓangaren kuɗi, mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu rubu'in dinari ne ko dirhami 3, kuma Annabi (SAW) ya nemi wani sahabi ya kawo ko da zoben ƙarfe ne.

Sai maganar harshe. Suratul Hujurat, aya ta 11 da ta 12, ta hana izgili, da jifa da miyagun laƙabi, da mummunan zato, da gulma. Aya ta 6 ta umarce mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi. Suratun Nur, aya ta 4, ta yanke bulala 80 ga wanda ya jefi kamammiyar mace da zina bai kawo shaidu 4 ba. Yatsan da ya danna ya tura bidiyo hukuncinsa hukuncin harshe ne. Cewa "ni ma turo mini aka yi" ba zai zama uzuri ba a gaban Allah.

Abin da ya rage gare mu

Iyaye su daina auna 'ya'yansu da abin da suka gani a waya. Neman miji nagari ga 'ya ta hanyar mutunci sunna ce ta magabata, tura ta ga wanda ba a yarda da shi ba don gudun gori kuwa cin amana ne. Kwamitocin masallatai su zauna da masu unguwanni, da goyon bayan fadar Lamiɗo, a yi yarjejeniyar rage lefe da bukukuwa, masu hali su fara da kansu, domin talaka ba zai rage ba matuƙar mai kuɗi yana ƙarawa. Mu masu wa'azi mu daina sa mutane dariya da zawarawa da tuzurai, mu daina faɗin alƙaluman da ba mu tantance ba. Matasanmu masu shirya bidiyo su nuna mana auren da aka yi da sauƙi ya yi albarka, da bazawarar da ta rene 'ya'yanta da guminta. Ɗalibi kuma, duk abin da ya kalla, ya tambayi kansa: wa ya shirya wannan, me zai samu, kuma wa aka bari ba a nuna ba?

Wanda Allah bai kawo masa lokaci ba, namiji ko mace, ya riƙe kamun kai da addu'a da neman halal, kada ya rufe ƙofa, kada kuma ya tsawwala sharuɗɗa. Aure arziki ne, kuma mai rabawa bai manta da kowa ba.

Shi kuwa dattijon nan, abin da na ce masa shi ne: Annabi (SAW) ya sa addini da hali su zama ma'aunin karɓar mai neman aure, kai kuma ka ce ba ka gamsu da ko ɗaya ba. Ka tambayi yarinyar ra'ayinta, ku yi istihara, ka sa amintattun mutane su taya ka duba wani. Masu turo bidiyon nan, ranar da za ta dawo da takardar saki da goyo, ba za ka ga ko ɗayansu a ƙofar gidanka ba.

Allah Ya azurta marasa aurenmu da abokan zama nagari, Ya zaunar da ma'auratanmu lafiya, Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga cin mutuncin bayinSa. Allah ne Mafi sani.